Yadda ake gina hanyar isar da kayan agaji mai jure wa rikici

Hanyar isar da kayan agaji ita ce jerin matakan da buhun hatsi ko kwalin magani ke bi tun daga inda aka saye shi har ya shiga hannun mabuƙaci: saye, jigila ta teku ko ta ƙasa, biyan kwastan, ajiya a rumbu, sannan rabo. Idan mataki ɗaya ya tsaya, sauran duk sun tsaya. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji ke auna ƙarfin hanya da yadda take iya sauya akala idan an rufe iyaka, ko gada ta karye, ko kuɗi sun yanke.

Abin da ke toshe hanya

Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakokin ƙasar da Najeriya da Benin. Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma a wancan lokacin mafi yawan kayanta ta tashar Kwatano suke shigowa, don haka abinci da magunguna suka maƙale a hanya. Dole aka karkata zuwa tashar Lome ta Togo, a ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanyar da ta fi tsawo da tsada da haɗari. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin.

A Sudan, inda yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, hukumomin soji sun hana shigar da agaji ta mashigar Adre da ke kan iyakar Chadi a Fabrairun 2024. Mashigar Tine da aka koma mata ta zama da wuyar bi da damina. Ba a sake buɗe Adre ba sai a watan Agusta, watan da aka tabbatar da aukuwar fari na yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur ta Arewa.

A Borno kuwa, rashin tsaro da damina ne ke haɗuwa. Garin Rann kan yanke daga sauran jihar idan ruwa ya sauka, kuma ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024 ta mamaye Maiduguri, cibiyar da ake tura agaji daga cikinta zuwa sauran garuruwa.

Matakan da ake ɗauka

Na farko shi ne ajiye kaya kusa da inda za a buƙace su tun kafin masifa ta auku. Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, tana kula da manyan rumbunan Majalisar Ɗinkin Duniya a birane irin su Accra, Dubai, Brindisi, Panama da Kuala Lumpur. A matakin jiha, ma'anarsa ita ce a cika rumbun gari irin Rann da rani, kafin hanya ta lalace.

Na biyu shi ne tanadin hanya fiye da ɗaya. Abin da ya faru a Nijar ya nuna illar dogaro da tashar ruwa guda. Inda mota ba ta iya zuwa, jiragen agaji na UNHAS, waɗanda WFP ke gudanarwa, suna ɗaukar ma'aikata da kaya marasa nauyi daga Maiduguri zuwa garuruwa kamar Monguno, Ngala da Gwoza. Sai dai jirgi mai saukar ungulu yana da tsada ƙwarai, kuma ba ya ɗaukar abin da tirela ɗaya ke ɗauka.

Na uku shi ne saye a gida. Gero ko dawar da aka saya a kasuwannin yankin ba ta jiran jirgin ruwa. Haka nan, akwai masana'antu a Yamai da Kano da Legas da ke haɗa abincin gyaɗa na musamman da ake ba yara masu tamowa. Haɗarin shi ne sayen hatsi da yawa a lokaci guda na iya tayar da farashi a kan talakan da ba ya cikin jerin masu karɓar agaji.

Na huɗu shi ne ba da kuɗi a madadin kaya, ta kati ko ta waya. Wannan yana aiki ne kawai inda kasuwa ke ci kuma akwai layin sadarwa. Katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 da ƙarancin takardun naira a farkon 2023 sun nuna cewa ita ma wannan hanya tana iya toshewa, don haka ake son shirin da zai iya komawa rabon hatsi cikin gaggawa.

Na biyar shi ne aiki tare. Tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɓullo da shi a 2005 ya ɗora wa WFP jagorancin harkar sufurin agaji, inda ƙungiyoyi ke raba rumbuna da motoci da bayanan halin da hanyoyi ke ciki.

Kuɗi da riƙon amana

Duk waɗannan matakai suna buƙatar kuɗin da ba a ɗaure wa sharuɗɗa masu tsauri ba. A taron Istanbul na 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida zuwa shekarar 2020, amma ba a cika alkawarin ba, ko da yake su ne suka fi sanin lunguna da direbobi da masu unguwanni. Dakatar da tallafin ƙasashen waje da gwamnatin Amurka ta yi a Janairun 2025 ya kuma bayyana cewa dogaro da mai bayarwa ɗaya yana da haɗari daidai da dogaro da hanya ɗaya.

Ajiyar kaya ma tana da nata gwajin. A Oktoban 2020, jama'a sun fasa rumbunan tallafin korona a jihohi da dama na Najeriya, suna zargin an ɓoye abincin da aka tanada dominsu. Tambayoyin da ɗan ƙasa ke da haƙƙin yi wa hukumar NEMA da takwarorinta na jihohi a fili suke: me ke cikin rumbu, yaushe ya shigo, yaushe zai lalace, wa aka rubuta zai karɓa, kuma wace hanya za a bi idan ta farko ta rufe.