Dodge M37: Birki Kafin Gudu

Yau zan ba ku tarihin Dodge M37, motar sojan Amurka da aka fara ƙerawa a 1951 aka daina a 1968. Ta yi yaƙin Koriya, ta yi na Biyetnam.

To ai ba don kwalta aka yi ta ba, don taɓo da hawan tudu aka yi ta. Giyarta huɗu, da ƙyar take kai kilomita 90 a awa. Sitiyarinta sai da ƙarfin damtse. Birkinta kuwa hanyar mai ɗaya ce ke ciyar da ƙafafu huɗun, tiyo ɗaya ya fashe, shi ke nan, babu birki.

Da soja suka sayar da su, masu saye suka shiga gyara: giya biyar don babbar hanya, sitiyarin fawa, birki mai hanyar mai biyu. Masu son kayan tarihi suna cewa an ɓata asalinta. Ni dai ban ga laifin gyaran ba, matuƙar da birki aka fara. Wanda ya ƙara mata gudu bai taɓa birki ba, da ran mutane yake wasa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.