Raina Kama: Marubutan Kano da Suka Zama Kamfanin Kansu

A shekarun 1980, matashin da ya rubuta labarin Hausa a Kano kusan ba shi da inda zai kai shi sai kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda hankalinsa ya fi karkata ga littattafan makaranta. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, ɗan abin da ake bugawa ma ya ja baya.

Sai marubutan suka daina jira. Kowa ya lalubo ɗan jarinsa, ya ba mai tafireta, ya kai ƙaramar maɗaba'a a cikin gari. Littafin kan fito siriri, a takarda mai arha, kashi-kashi, cinikin na ɗaya ne ke buga na biyu. Daga nan sai teburan 'yan littafi na Bata da kasuwar Sabon Gari.

Cikin ƙungiyoyin da suka tashi a lokacin, irin su Kukan Kurciya da Jigon Hausa, Raina Kama ce ta fi yin suna. A cikinta akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Ɗan'azumi Baba, da Balaraba Ramat Yakubu. Suna duba wa juna rubutu, kuma littafin ɗaya kan ɗauki jerin littattafan sauran, tallan da ba a biya ko kwabo ba.

Masana irin su Ibrahim Malumfashi sun soki harkar, suka kira ta adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya mata a jaridu. Gaskiya akwai kurakuran rubutu birjik, akwai kuma labaran da ba su da gishiri. Amma masu sukar sun raina wani abu: matan aure da 'yan mata da suka koyi boko a ajin yaƙi da jahilci sun sami abin karantawa da ya shafe su. Ana aiken yaro ya karɓo haya, littafi guda ya zaga gidajen unguwa har bangonsa ya yage. Balaraba, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, ta fito da maganar auren dole da wulaƙancin miji fili.

Hukuma ba ta yi musu sassauci ba. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a. Kafin lokacin ma da dama cikin marubutan, har da Gidan Dabino da Balaraba, sun riga sun shiga harkar fim.