Daga Sauron Majigi zuwa Idon Masoyi

A karkarar Kano, a garuruwan manoma irin su Shanono, yawancin mutane ba a gidan sinima suka fara ganin hoto mai motsi ba. A majigi suka gan shi: motar gwamnati ta iso da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, mai fassara ya riƙa bayani da Hausa kan tsafta, noman gyaɗa ko ziyarar sarakuna.

Waɗannan fina-finai suna da ƙa'idar ɗauka. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas wanda ya jagoranci sashen fina-finan mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939, ya yi imani cewa baƙauye ba zai fahimci dabarun kyamara ba. Don haka ya ce a bar ta a tsaye daidai tsayin idon mutum, a guji yawan yanke hoto, a nuna aiki daga farkonsa har ƙarshensa. Turawa sun yi ta maimaita wani labari a matsayin hujja: wai an nuna sauro ya cika allo, 'yan kallo suka ce su kam nasu sauron bai kai haka girma ba. Ba su yi tunanin wataƙila ba'a ake yi musu ba.

Ashe nisan kyamara hukunci ne a kan hankalin mai kallo. Manomin da ke cikin majigi, daga nesa ake hango shi yana bin umarnin malamin gona. Aikin hannunsa ake so, ba abin da ke ransa ba.

Da Hausawa suka karɓi kyamarar, musamman bayan Turmin Danya a 1990, sai lamarin ya juya. Al'ada ta hana namiji da mace su taɓa juna a fim, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 kuma ta tsaurara hakan. Sai daraktoci suka ɗora nauyin soyayya a kan fuska: ido ya cika allo, budurwa ta sunkuyar da kai, a ja baya a nuna tazarar da ke tsakaninsu a zaure. Tazarar nan ita ce kunya, ita ce kuma begen.

Jikokin waɗanda aka ce hoton kusa zai ruɗa su, yau a wayar hannu suke karanta shi, ba mai fassara a gefe.