Daga Tuta Zuwa Sanda: Alamar Mulki da Amanarsa a Tarihin Daular Sakkwato

Gabatarwa

Kowace daula tana da alamar da ake gane ikonta da ita. A daular da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah Ya yi masa rahama) ya kafa a farkon ƙarni na 19, alamar nan ita ce tuta. Har yau, duk mai ba da tarihin Bauchi ko Gombe ko Katagum ko Adamawa da ita yake farawa: wane ne ya je wurin Shehu ya karɓo tuta. Wannan maƙala ta bibiyi ma'anar tutar, da yadda ta shata ƙasar daula, ta tsara gwamnatinta da baitulmalinta, da kuma abin da ya sauya ranar da sanda ta maye gurbinta.

Asalin Tuta a Sunna

Shehu bai ƙagi ɗaura tuta ba, gadonta ya yi daga magabata. A Khaibara, shekara ta 7 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya damƙa wa Sayyidina Aliyu tuta bayan ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. A Mu'uta, shekara ta 8, ya jera Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, in wani ya faɗi na bayansa ya ɗauka. Sayyidina Abubakar kuma ya ɗaura tutoci 11 a yaƙoƙin ridda. Abin lura a nan shi ne, tuta bayar da ita ake yi, tare da sharaɗi, kuma wanda ya bayar yana da ikon bin bahasinta.

Sarakunan Hausa na wancan zamani suna da nasu alamomi: tambura da kakaki, da takobin Gajere a Katsina, da Tagwayen Masu a Kano. Waɗannan kayan gado ne, ɗan sarki ke samun su daga gidan ubansa. Ita kuwa tuta, ilimi da mubaya'a ne ƙofarta. Shi ya sa Malam Yakubu na Bauchi, wanda ba Bafulatani ba ne, ya karɓe ta a matsayinsa na almajirin Shehu.

Yadda Tuta ta Shata Ƙasa

A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, inda Jama'a suka yi masa mubaya'a. A Yunin shekarar aka gwabza da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto, sannan Alƙalawa ta faɗi a 1808. A tsakanin waɗannan shekaru da 'yan bayansu malamai suka yi ta karɓar tutoci: Malam Musa ya nufi Zazzau, Buba Yero ya kafa Gombe, Ibrahim Zaki ya kafa Katagum, Modibbo Adama ya yi Fombina. A Katsina mutum uku aka bai wa, wato Umarun Dallaje da Umarun Dumyawa da Na'alhaji, kafin jagoranci ya tabbata a hannun na farkonsu.

Da wannan hanya daular ta faɗaɗa daga Liptako, cikin Burkina Faso ta yau, har zuwa Ngaundare cikin Kamaru, ba tare da wata runduna guda ta taka dukkan wannan ƙasa ba. Kowane mai tuta da mutanen yankinsa ya yi aiki. Wasu kuma ba su taɓa miƙa wuya ba: Gobirawa a Tsibiri, Katsinawa a Maraɗi, Kabawa a Argungu, Zazzagawa a Abuja. Borno ma ta tsaya da ƙafarta, inda Shehu Muhammadu al-Kanemi ya yi muhawara ta wasiƙu da Muhammadu Bello a kan halaccin yaƙin, kamar yadda Bello ya kawo a Infaƙul Maisur.

Faɗin ƙasar ne ya sa a 1812 Shehu ya raba kula da ita gida biyu. Yamma, wadda daga baya ta haɗa da Nupe da Ilori, ta koma hannun ƙanensa Malam Abdullahi, Gwandu ta zama cibiyarta. Gabas ta koma hannun ɗansa Bello, wanda ya gina birnin Sakkwato a 1809. Domin tsare kan iyaka Bello ya kakkafa ribaɗoɗi, mafi shahara ita ce Wurno, inda ya rasu a 1837.

Sharuɗɗan da ke Tare da Tuta

Shugabannin jihadi sun rubuta abin da ake nema ga mai tuta. A Kitabul Farƙi Shehu ya gina mulki a kan ginshiƙai biyar: kada a ba da shi ga mai nemansa, a lizimci shawara, a bar tsanantawa, a yi adalci, a kyautata. Ya kuma ambaci mataimaka huɗu: waziri, alƙali, shugaban masu tsaron doka da mai tara haraji. Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano domin koya wa sababbin shugabanninta hukuncin mulki, Bello kuma ya rubuta wa Umarun Dallaje Usulus Siyasa, inda ya ɗora wa shugaba nauyin raya sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi.

A aikace, masu zaɓen sarki na kowace masarauta su ke gabatar da suna, Sarkin Musulmi ya tabbatar ta hanyar wasiƙa mai hatimi. Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima mijin Nana Asma'u, shi ne idon Sakkwato a kan manyan masarautun gabas. Da rikici ya ɓarke tsakanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo da Ɗantunku, Bello ne ya raba gardama, Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta.

Dukiya da Jarrabawarta

Shehu ya soki harajin zalunci da sarakunan zamaninsa ke ɗora wa talakawa, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa, ya kuma taƙaita baitulmali ga kafofin da Shari'a ta sani, irin su humusi da ushira da jiziya da haraji da fai'i. Zaman lafiyar da aka samu a cikin daular ya buɗe hanyoyin fatauci. Goro na zuwa daga Gwanja, gishiri daga Bilma, jar fatar akuyar Sakkwato na ƙetare Sahara, turkuɗin Kano da shuninta na kaiwa har Tambutu. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya yi dogon bayani a kan saƙa da rini da kasuwarta.

Sai dai a nan ne aka fi jarraba amanar tuta. Tun Shehu yana raye Malam Abdullahi ya koka a Tazyinul Waraƙat da yadda wasu suka karkata ga neman mulki da tara dukiya da ƙwaraƙwarai. Jangali ya dawo, sarautun da aka rushe suka dawo, Tagwayen Masu suka koma gaban Sarkin Kano. Rinjoji da gandaye masu yawa sun dogara ga aikin bayi, alhali bautar da 'ya'yan Musulmi na cikin abubuwan da Shehu ya yi wa sarakunan Hausa inkari a kai. Sarauta kuma ta koma gadon 'yan gidaje. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur Sarkin Kano, bisa saɓanin ra'ayin mafi yawan gidan sarautar da ke goyon bayan Yusufu. Basasar da ta biyo baya ba ta lafa ba sai 1895, bayan an kashe Tukur, Aliyu Babba ya zauna a gadon. Naɗin da ya tsallake shawara ya raunana daular, saura shekara 8 Turawa su iso.

Ranar da Sanda ta Zo

Kano ta faɗi a Fabrairun 1903. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya a bayan ganuwar Sakkwato, inda wasu bayin Allah suka tsaya kewaye da tutar Sarkin Musulmi har aka kashe su a gindinta. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno ke ɗauke da sunansa.

Lugga ya naɗa sabon Sarkin Musulmi, ya kuma shigo da sandar girma da takardar naɗi. Mai karɓar sanda yana rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila da wakilinsa. Gidajen sarautar ba su sauya ba, amma mafarin ikon ya sauya: mai tuta yana amsa tambaya a gaban Sarkin Musulmi da malamai bisa Littafi da Sunna, mai sanda kuwa a gaban Razdan. Bayan 'yancin kai ikon miƙa sandar ya koma hannun gwamnoni.

Kammalawa

A 1976 aka ƙirƙiri Jihar Sakkwato daga Jihar Arewa maso Yamma, aka fitar da Kebbi daga cikinta a 1991, da Zamfara a 1996. Jihar, mai ƙananan hukumomi 23, tana yi wa kanta take da Cibiyar Daular Usmaniyya. Taken yana da nauyi, domin abin da Shehu ya damƙa wa almajiransa alkawari ne mai rubutattun sharuɗɗa, kuma littattafan da ke ɗauke da su suna nan a hannun malamai. Tarihin daular ya nuna ta yi ƙarfi gwargwadon riƙon da aka yi wa sharuɗɗan, ta yi rauni gwargwadon sakinsu. Haƙƙi ne a kan ɗaliban ilimi su karanta waɗannan littattafai, su karantar da su, su kuma auna masu riƙe da mulki a yau da ma'aunin da masu tuta suka yarda a auna su da shi. Allah Shi ne Mafi sani.