Zanen Géricault da Mutanen da Aka Yanke wa Igiya

Bahaushen da ke zaune a unguwar Briqueterie ta Yawunde yana cin karo da Faransanci kullum, a kasuwa da makaranta da ofis. Faransa ta karɓi mulkin mafi yawan ƙasar Kamaru a 1916, bayan an kori Jamusawa. Shekara ɗari daidai kafin haka, a 1816, wani jirgin ruwan Faransa ya yi hatsari a kan hanyarsa ta zuwa Afirka ta Yamma, kuma da ba don wani saurayi mai zane ba, da wataƙila duniya ta manta da labarin.

Sunan jirgin Méduse. Ya tashi daga Faransa ran 17 ga Yuni, 1816, tare da waɗansu jirage uku, domin a karɓi garin Saint-Louis na Senegal daga hannun Ingila. Mutum wajen 400 ne a cikinsa, har da sabon gwamna, Julien Schmaltz. Kyaftin ɗin jirgin, Chaumareys, ya yi kusan shekara ashirin rabonsa da tuƙi. An ba shi muƙamin ne saboda biyayyarsa ga gidan sarauta, a zamanin Sarki Louis na 18. Ran 2 ga Yuli sai jirgin ya kafe a tudun yashi na Arguin, kusa da gaɓar Muritaniya.

Ƙananan jiragen ceto ba su isa su ɗauki kowa ba. Sai aka harhaɗa katakai aka yi wani abu kamar gado, tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 7, aka ɗora mutum aƙalla 147, yawancinsu sojoji. Gwamna da kyaftin suka shiga jiragen ceto, da alkawarin za su ja gadon da igiya har gaɓa. Ba a yi nisa ba aka saki igiyar. Kwana 13 mutanen nan suna yawo a kan teku. Yunwa da ƙishi da faɗa suka cinye su, har ta kai masu rai suna cin naman matattu. Da jirgin Argus ya tsince su ran 17 ga Yuli, mutum 15 kaɗai suka rage, biyar kuwa suka mutu ba da daɗewa ba.

Hukuma ta so a rufe maganar. Amma biyu daga cikin waɗanda suka tsira, likita Henri Savigny da injiniya Alexandre Corréard, suka buga littafin abin da ya faru a 1817. A shekarar ne aka yanke wa kyaftin hukuncin ɗaurin shekara uku kacal.

A nan ne Théodore Géricault ya shigo. An haife shi a Rouen a 1791. Tun yana ɗan shekara 21 ya sami lambar zinariya saboda zanen wani barade a kan doki, amma bai yi suna sosai ba tukuna. Babu wanda ya ba shi aikin zana wannan hatsari, shi ne ya ɗora wa kansa. Ya zauna da Savigny da Corréard ya ji daga bakinsu. Ya sa kafintan jirgin, wanda shi ma ya tsira, ya ƙera masa ƙaramin samfurin gadon. Ya riƙa zuwa asibiti da ɗakin ajiye gawa domin ya ga yadda jikin mai mutuwa yake sake launi. Ya aske kansa ƙwal don kada ya ji sha'awar fita cikin jama'a. Daga 1818 zuwa 1819 ya gama aikin da fentin mai, a kan ƙyalle mai faɗin fiye da mita bakwai, tsayi kusan mita biyar.

Abin da ya zaɓa ya nuna shi ne lokacin da mutanen suka hango Argus can nesa, ɗan ɗigo a bakin sama. A ƙasan zanen gawawwaki ne, da wani dattijo riƙe da gawar saurayi, ya ba ceto baya. Daga nan jikuna suna hauhawa juna, har su kai ga mutumin da ke can ƙoli yana kaɗa tsumma. Wannan mutum baƙar fata ne. Yana wakiltar Jean Charles, ɗan Afirka da ke cikin waɗanda aka ceto, wanda ya tsaya aka zana shi kuwa wani mutumin Haiti ne mai suna Joseph. A zamanin nan Faransa tana riƙe da bayi a tsibiranta, ba ta haramta bauta gaba ɗaya ba sai 1848. Ashe a ƙasar da ke ƙirga baƙin mutum cikin dukiya, mai zane ya ɗora begen kowa a hannunsa.

An nuna zanen a Faris a 1819 da suna mara laifi, wato hoton hatsarin jirgi. Amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Masu kallo suka rabu biyu, waɗansu suka ce cin mutuncin sarauta ne, waɗansu suka ce gaskiya ce. A 1820 aka kai shi Landan, inda mutum wajen 40,000 suka je kallo. Géricault ya so ya bi shi da babban zane a kan cinikin bayi, amma ya mutu a 1824 yana da shekara 32. A shekarar ne gidan tarihi na Louvre ya sayi zanen, yana nan rataye har yau.

Mai karatu ya lura cewa teku ba ita kaɗai ta kashe mutanen nan ba. Muƙami da aka bayar saboda sanayya, da shugabannin da suka fara ceton kansu, su ne suka jefa talakawa cikin halaka. Kyaftin ya yi shekarunsa uku ya fito. Waɗanda aka saki igiyarsu kuwa, fiye da shekara ɗari biyu ke nan suna rataye a bango, duk wanda ya wuce sai ya tambayi wanda ya yashe su.