Sata Ba Gado Ba Ce: Martani Daga Unguwar Maourey

A wasu majami'u ana yawan wa'azi da karin maganar barewa da ɗanta, har a yanke cewa ɗan ɓarawo ɓarawo ne tun daga jini. A Maourey, tsohuwar unguwar Arawa da ke daf da Babbar Kasuwar Yamai, wannan hukunci yana da nauyi, domin yaron da aka liƙa wa sunan ubansa da wuya ya sami mai ɗaukarsa tsaron shago.

Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta wasa ba ce. Suna kawo Fitowa 20, inda aka ambaci alhakin iyaye a kan ƴaƴa, sannan su kafe a kan Akan (Joshuwa 7), wanda ya ɓoye ganimar Yariko aka hallaka shi tare da iyalinsa. Sai dai an binne kayan ne a cikin alfarwar gidan, abin da ya sa masu fassara da dama suke ganin iyalin sun sani. Idan haka ne, labarin na haɗin baki ne, ba na jini ba. Ezekiyel 18 kuwa ya raba gardama: ɗan da ya ga laifin ubansa ya ƙi binsa ba zai ɗauki alhakin ba.

Agustin na Hippo ya ƙara rikita lissafin. Yana da shekara 16 shi da abokansa suka saci ƴaƴan itacen maƙwabci a Tagaste, cikin Aljeriya ta yau, ba don yunwa ba, alhali uwarsa Monika ce, wadda Cocin Katolika ke kira tsarkakakkiya. Shi da kansa ya ce da shi kaɗai ne da bai yi ba.

To ina rawar iyaye? Abin da hujja ta yarda a faɗa kaɗan ne: su ne ke fara nuna wa yaro abin da ake kira sata. Yarinya na zaune gefen uwarta tana kallon yadda aka lotsa gindin tiya kafin a auna gero. Yaro ya dawo daga aike da rarar canji dala ashirin, uba ya ce masa "ka yi wayo", ko kuwa ya kama hannunsa su mayar. Da alama nan ne limaman majami'un Yamai ya kamata su karkata wa'azinsu, tun a ajin katikizim.