Amsar Tambaya: Garin da Ke Cin Abinci da Sanyi

Wani mai sauraronmu, manomi daga wajen Funtuwa, ya aiko mana da takarda yana tambaya: wai shin da gaske akwai garin da mutanensa ke fatan sanyi ya tsananta don su sami kuɗi? To malam, da gaske ne. Ga Kortina nan a arewacin Italiya, cikin duwatsun Dolomait, a tudun da ya haura mita 1,200. Mazaunansa ba su kai 6,000 ba.

Da can sanyin nan abokin gabarsu ne. Makiyaya ne da masu saran itace. Da bazara su hau tsauni da shanu da tumaki, su yanki ciyawa su tara, kamar yadda kake ɗaure harawa. Hunturu na shigowa sai dusar ƙanƙara ta rufe gona da hanya, kowa ya shige ɗaki, dabba ta ci abin da aka ajiye. Gungumen itatuwansu kuwa a kogi ake tura su zuwa birnin Benis. Daga 1511 garin yana hannun sarakunan Ostiriya, sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1918, ya koma Italiya.

Baƙi ne suka sauya lissafin. Tun wajen 1863 masu sha'awar hawan dutse suka fara zuwa, makiyayi ya zama ɗan jagora, mai gida ya buɗe masauki. Aka kammala babban titin duwatsun a 1909, jirgin ƙasa ya iso a 1921. Sai attajirai suka soma zuwa wasan zamiya: mutum ya ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, ya sulalo daga kan tsauni. Kai da ji ka ce neman karaya ne, amma kuɗi suke biya su yi! An ba garin wasannin Olamfik na hunturu na 1944, yaƙi ya hana. Sai a 1956 aka yi su, ƙasashe 32 suka halarta, aka nuna a talabijin, sunan Kortina ya shiga duniya. A 2019 kuma aka sake zaɓensa tare da Milan don wasannin 2026.

Amma malam, abin da ya fi burge ni shi ne maganar fili. Tun ƙarni na 13 tsofaffin gidajen garin ke da wata ƙungiya da suke kira Regole, wadda ke riƙe da daji da makiyaya, wajen hekta 16,000. Mallakar kowa ce, ba a raba ta gado, ba a sayar da ita, ko da wa ya zo da kuɗi. Kamfanin da ke son kafa na'urar ɗaukar mutane zuwa kan tsauni a filinsu dole ya nemi yardar taron 'ya'yan ƙungiyar. Ka tuna burtalin da aka cinye a garinku, ka kwatanta.

Cikin gari kuwa, inda kowa ke da ikon sayar da nasa, masu kuɗin birane sun saye gidaje suna kulle su sai lokacin hutu. Farashi ya tashi har wasu samarin garin sai a ƙauyukan gangare suke samun wurin zama. Ga kuma ɗumamar yanayi: wata shekarar dusar ba ta sauka yadda ake so, sai a ja ruwa daga tafki da kogi, injuna su fesa shi cikin iska ya daskare, a shimfiɗa wa baƙi kafin Disamba ta yi nisa.